Rakiya Zuwa Bakin Kwalta

A shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, gidan rediyon da nake karanta labarai ya rage ma'aikata, sunana kuma yana cikin takardar da aka liƙa a allon sanarwa. Na yi wata biyar a gida ina sauraron wasu suna karanta labaran rana, ina gyara musu kuskure ni kaɗai a tsakar gida. Daga baya wani abokin mahaifina ya haɗa ni da wani babban lauya mai ofis a saman bene a cikin birnin Kano. Aikina shi ne in mayar da takardun kotu daga Turanci zuwa Hausa, in karanta wa masu shari'a su ji abin da aka rubuta da sunansu kafin su dangwala yatsa.

Mu bakwai ne a ofishin. Akwai shi babban lauyan, wanda kowa ke kira Oga, da lauyoyi uku a ƙarƙashinsa, da mai buga takardu, da direba, sai ni. Oga mutum ne mai gaskiya da saurin fahimta. Kafin ka kai rabin magana ya riga ya gane inda ka dosa, ya ba ka amsa, ya koma kan takardar da ke gabansa. Yawanci kuma daidai yake ganewa. Duk Litinin da safe yakan tara mu, ya bi fayil ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi abin da za a yi, sannan ya ce, “Akwai mai magana?” Na saba da auna lokaci tun a rediyo, don haka na taɓa duba agogona. Daƙiƙa biyu yake bari tsakanin tambayar da rufe littafinsa. Ban taɓa ganin wanda ya samu magana a cikin daƙiƙa biyun nan ba.

A lokacin ban ga laifin hakan ba. A rediyo an koya mana cewa in makirfo na buɗe ka yi daƙiƙa uku ba ka ce komai ba, mai sauraro zai ɗauka wuta aka ɗauke, ya murɗa wata tashar. Ni ma tsoron shiru nake yi, kamar yadda Oga yake yi.

Cikin shari'o'in da ofishin ke riƙe da su akwai ta wani dattijo manomi a wani ƙauye tsakanin Dawakin Tofa da Bagwai. Ƙasar can ba ta da daji. Gona na jikin gona, abin da ke raba ta wannan da ta wancan layin gamba ne kawai, ko wata bishiya da kowa ya sani. Wani ɗan kasuwa ya sayi gonar da ke maƙwabtaka da ta dattijon daga hannun magada, ya zo ya kafa shingen waya, shingen kuma ya cinye kusan rabin gonar dattijon. Wannan gona ita ce ke ciyar da gidan mutum sama da ashirin, ga shi damina biyu a jere ruwa ya yi gardama, rumbunan gidan sun kusa ƙasa. In rabin nan ya tafi, wasu daga cikin 'ya'yan sai sun bar garin.

Babban ɗan dattijon ne ya kawo ƙarar, shi ya ba da bayani, shi ya dangwala yatsa. A takardar an rubuta cewa iyakar gonar daga gabas ita ce wata tsohuwar tsamiya. Amma alƙali ya ce tunda mai gonar yana raye, shi yake so ya tsaya a gabansa ya faɗi iyakar gonarsa da bakinsa, in ta kama ya rantse.

Mu huɗu muka je ƙauyen a karo na farko: Oga, da direba, da ni, da lauyar da ke riƙe da fayil ɗin, wadda muke kira Barista. Direba ya bar kwalta ya bi hanyar rairayi har ƙofar zauren gidan, ya tsayar da mota kusa da dakali yadda Oga zai sauka ba tare da ya taka ƙasa sosai ba. Zauren ya cika. Ga mai unguwa, ga liman, ga maƙwabta, ga 'ya'yan gidan a jere jikin bango. Aka kawo fura. Babban ɗan ya yi ta bayani, dattijon yana zaune a kan buzunsa yana jan carbi.

Oga ya ce in karanta takardar. Na karanta ta yadda na iya, kowace kalma a wurinta, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da na gama dattijon ya ɗago kai ya dube ni.

“Wannan muryar na san ta. Ashe kai ne mai labaran rana.”

“Ni ne, Baba.”

“Madalla. Tunda ka bari, waɗanda suka rage sauri suke kamar ana korar su.”

Aka yi dariya. Na ji daɗi ƙwarai, har ban lura ba cewa muryar ya yaba, bai ce komai a kan abin da muryar ta karanta ba.

Oga ya ce, “To Baba, an ji komai ko? Ranar Laraba ta sama sai kotu.”

“Na ji, Alhaji.”

Muka miƙe. Dattijon ma ya miƙe yana laluben takalminsa a bakin tabarma. Oga ya riƙe masa kafaɗa. “Haba Baba, zauna, kada ka wahala. Ga mota nan a ƙofa.” Kafin dattijon ya sa ƙafa ta biyu a takalmi mun shiga mota.

Ranar Laraba bai zo kotu ba. Ɗansa ya ce ciwon baya ne ya tashi. Aka ɗaga ƙara, muka koma ƙauyen, aka sake shan fura, na sake karanta takardar, aka sake hana shi rakiya. Zama na biyu ma bai zo ba, wai an yi rasuwa a wani gari ya tafi ta'aziyya. Muka koma karo na uku, Oga ya yi bayanin doka na kusan awa guda, da Hausa mai kyau, kowa yana gyaɗa kai. A zama na uku alƙali ya ce haƙurinsa ya ƙare. Ya ba da mako uku. In mai ƙara bai bayyana ba zai kori ƙarar, shingen kuma ya tsaya inda yake. Lokacin bazara ta yi nisa, gajimare ya fara taruwa ta gabas da yamma, manoma sun gama kai taki gona.

A taron Litinin Oga ya ce tsoron kotu ne ke damun tsohon, haka mutanen karkara suke, za a je a ƙara kwantar masa da hankali ranar Alhamis. Ya tambaya ko akwai mai magana, ya rufe littafi.

Da aka tashi aiki a ranar, ina saukowa daga bene Barista ta biyo ni da jakarta. Ita a gidan kakarta ta girma, can wajen Bagwai, kafin karatu ya kawo ta birni.

Ta ce, “Malam, ka lura duk zuwan da muka yi sai tsohon nan ya nemi takalminsa?”

“Ladabi ne. Rakiya yake son yi.”

“A wajenmu abin da aka faɗa a zaure na kowa da kowa ne. In mai gida yana da magana mai nauyi, sai ya taka wa baƙo, in sun yi nisa da kunnuwa sannan ya faɗa. Kakana ko maganar aure ce ba ya yanke ta a zaune. Mu kuwa kullum motar tana lasar dakali.”

“Kin gaya wa Oga?”

Ta yi murmushi. “A ina? A cikin daƙiƙa biyun nan da kake ƙirgawa?”

Washegari na gwada. Na shirya maganar yadda ake shirya kanun labarai, mafi muhimmanci a gaba, na shiga ofishinsa na ce, “Oga, ana ganin tsohon yana son ya raka mu ne don—” Ya ce ya sani, mutumin kirki ne, amma ba zai bari mai shekara saba'in da wani abu ya yi ta tafiya a rana saboda shi ba. Ya miƙo mini wata takarda ya ce ana jiran fassararta kafin azahar.

Wahalar mai ta yi tsanani a lokacin. Direbanmu kan yi yini biyu a layi kafin ya samu. Ranar Alhamis da muka kai mahaɗar da ake barin kwalta, sai ya gangara gefen hanya kusa da rumfar wani mai shayi, ya kashe mota.

“Oga, rairayin nan shan mai gare shi. In na shiga, ban da tabbacin za mu koma Kano.”

“Ba ka sha mai jiya ba?”

“Galan ɗaya suka ba ni, shi ma sai da na yi rantsuwa cewa matata ce ke naƙuda.”

“Matarka da ta haihu wata biyu da suka wuce?”

“Su ba su sani ba, Oga.”

Allurar man motar ta daɗe da lalacewa, babu yadda za a gane gaskiyarsa. Na dubi Barista, ita kuwa tana ta gyara takardu a cikin fayil ba ta ɗago ba. Har yau ban tambaye ta ko haɗa baki suka yi ba, ban kuma tambayi direban ba.

Muka taka. Tafiyar kusan rabin awa ce ta cikin gonaki. Oga yana sanye da takalmin kotu mai santsi, kowane taku sai ya nutse. Da muka isa zauren ya jiƙe sharkaf, ya shanye furar da a da yake kurɓa sau ɗaya don kara. Zaman bai bambanta da na baya ba. Babban ɗan ya ce wannan karon ko a kafaɗa ne zai ɗauko mahaifinsa. Dattijon ya ce in Allah ya nufa.

Da muka miƙe ya nemi takalminsa. Oga ya buɗe baki, ya dubi ƙofa, babu mota. Babban ɗan ya taso zai bi mu. Dattijon bai dube shi ba, ya yi magana kamar da bango yake yi.

“A duba dabbobin can, tun safe ba su sha ruwa ba.”

Ɗan ya koma ciki.

Dattijon ya shiga gaba da sandarsa, Oga a gefensa, ni da Barista a baya. Oga ya fara bayani a kan yadda kotu take, cewa alƙali ba ya cizo, minti goma ne a gama. Bai yi nisa ba numfashi ya gagare shi, ga rairayi ga rana, dole ya yi shiru. Muka yi ta tafiya ba mai cewa komai. Shirun ya dame ni har na fara neman abin da zan ce a kan hadari. Sai na ga dattijon ya saki hanyar da muka biyo, ya ratsa ta wata 'yar siririyar hanya. Can muka hango shingen waya.

Ya tsugunna ya ratsa ta ƙarƙashin wayar, muka bi shi. Ya wuce cikin gonarsa da aka ƙwace, ya tsaya a wani wuri da ban ga komai ba sai busasshiyar ƙasa. Ya tona da bakin sandarsa, sai ga tsofaffin saiwoyin gamba, a jere, sun miƙe kudu da arewa. Tsamiyar tana gaba da mu da kamar taku ashirin.

“Alhaji, nan gonata ta tsaya.”

Oga ya dubi tsamiyar, ya dubi ƙasa.

“Daga nan zuwa tsamiya aro ne. Mahaifina ya ara a wajen mahaifin waɗanda suka sayar, shekarar da aka yi mini kaciya. Ina tsaye aka yi maganar. Ba a taɓa zuwa karɓa ba, mu ma ba mu mayar ba, gambar ta mutu, yara suka taso suka ga muna nomawa har gindin tsamiya. Duk wanda ya sani ya rasu, saura ni. Mutumin nan ya ci mini gona, wannan gaskiya ne. Amma taku ashirin ɗin nan nasa ne, da kuɗinsa ya saya. Takardar da mai rediyo yake karantawa ta ce tsamiya. Ni ba zan dafa Alƙur'ani in ce tsamiya ba.”

“Baba, me ya sa ba ka faɗa mini tun farko ba?”

“Sau uku ina ɗaukar takalmina, Alhaji.”

Oga ya ciro hankici ya goge wuya. “To shi ɗanka fa? Ai da ka gaya masa.”

“Ɗan fari ne. Tunda aka haife shi ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa zama da shi mu biyu muna hira ba. Shi ya tsaya a gaban mai unguwa da liman ya ce tsamiya. Sai in buɗe baki a zaurena in mayar da shi maƙaryaci? Shi ma ba ƙarya ya yi ba, abin da ya gani ya faɗa.”

“Da ka bari an kori ƙarar, rabin gonar fa ke nan.”

“Na sani. Kwana nawa ina lissafin bakunan da ke gidan nan.”

Na zaci Oga zai kawo mafita nan take, don na ga alamar ya riga ya same ta. Sai na ji ya ce, “Yanzu me kake so a yi, Baba?” Kuma ya tsaya. Na saci kallon agogona. Dattijon ya mayar da ƙasa kan saiwoyin da ƙafarsa, ya daddanna. Wata akuya ta yi kuka daga nesa. Sai da aka haura daƙiƙa ashirin sannan dattijon ya amsa.

“Abin da yake nawa ina so, don yaran nan su ci. Wanda ba nawa ba a bar wa mai shi. Kuma kada yaron ya ji wannan magana a gaban mutane.”

Ya raka mu har bakin kwalta. Direba yana kan benci da kofin shayi, ya tashi da sauri. Motar ta kai mu Kano lafiya, har ta kai Oga gida.

Ranar Asabar muka koma, ni da Oga. Wannan karon shi ya ce wa direba ya tsaya wajen mai shayi, kuma da takalmin soso ya zo. A zaure ya yi gajeren bayani. Ya ce shi a matsayinsa na lauya ya sake nazarin takardar, yana so ya gyara wani wuri a cikinta, in an gama zai zo da ita. Da zai tafi ya ce, “Baba, yau ka huta. Babban yaya ne zai taka mini.”

Na bar tazara a tsakaninmu, don haka ban ji abin da suka faɗa ba. Na dai ga sun tsaya a wurin saiwoyin, ɗan yana nuna tsamiya da hannu yana ɗaga murya, Oga ya harɗe hannu a baya yana saurare. Sun daɗe. Abin da iska ta kawo mini kaɗai shi ne, “A wannan shekarar? Ka san buhu nawa wurin nan yake bayarwa?” Ɗan ya juya gida bai kai mu kwalta ba. A mota Oga ya ce ɗan bai yarda ba, amma ya ce ba zai hana ba.

Barista ta gyara takardar, na fassara. Da na je karanta wa dattijon, a ƙofar gona na same shi shi kaɗai yana gyaran fartanya. Na karanta jimla ɗaya, na tsaya, na ce ya faɗa mini abin da ya ji da bakinsa. Haka muka bi ta har ƙarshe. A wuri ɗaya ya tsayar da ni ya ce maƙwabcinsa na arewa ba shi ne mai gonar ba, riƙo yake wa marayun ɗan'uwansa, a rubuta haka. Bai ce komai a kan muryata ba.

Ranar zama ya riga mu isa kotu, da farar riga da aka yi wa bugu. Ƙanen babban ɗan ne ya kawo shi a keke har bakin hanya suka hau motar haya. Shi babban bai zo ba. Alƙali ya tambaye shi iyakar gonarsa, ya faɗa, har da maganar aron, a cikin jimloli da ba su fi biyar ba. Lauyan ɗan kasuwan ya zo da shaidu biyu da za su yi magana a kan gindin tsamiya, sai ya tarar ba wanda ke jayayya da shi a kai. A kan sauran gonar kuwa ba shi da abin cewa. Alƙali ya sa ranar zuwa gani da ido, aka tona, aka bi saiwoyin gamba daga kudu har arewa. Ya ba da umarni a mayar da shinge kan layin.

Kafin a cire wayar ruwan shuka na farko ya riga ya sauka, ya wuce mutanen gidan dattijon. Da na biyu suka yi shuka.

A ofis taron Litinin bai canja sosai ba. Daƙiƙa biyun sun zama huɗu ko biyar, wani lokacin su koma biyu. Abin da ya canja shi ne lokacin tashi. Oga ya fara ajiye alƙalami in ya ji wani yana haɗa jaka, ya ce, “Mu je in taka maka.” Yau wannan, gobe wancan, daga saman bene zuwa bakin titi, ba ya cewa komai sai an ce masa. Bai taɓa sanar da cewa sabon tsari ne ba. A kan matakalar nan wani lauya ya gaya masa ya manta ranar shigar da wata takarda, saura kwana biyu wa'adi ya cika, aka kuma cim mata. A nan mai buga takardu ta gaya masa idonta ya fara ba ta wahala. Ban ji ya yi wa Barista godiya da baki ba, amma babbar shari'ar da ta shigo bayan wannan ita ya miƙa wa.

Da damina ta yi tsakiya muka kai wa dattijon kwafin hukuncin. Direba ya tambaya, “Oga, a shiga ko wajen mai shayi?” Oga ya ce wajen mai shayi. Babban ɗan ne ya shimfiɗa mana tabarma, ya gaishe mu a taƙaice, ya koma gona.

Da muka tashi dattijon ya sa takalminsa, ba wanda ya hana shi. Ya bi da mu ta gonar. Gero ya kai ƙugu, an dasa sabuwar gamba a kan tsohon layin, bayanta shingen waya, bayan shingen tsamiya. Oga yana gefensa yana jira. Muka wuce gonar, muka wuce rijiya, muka hango rumfar mai shayi, dattijon bai ce komai ba. A bakin kwalta ya tsaya, ya miƙa wa Oga hannu, ya miƙa mini.

“To Alhaji, a sauka lafiya. A gaida mutan gida.”

Ya juya ya koma ta cikin geron.